Mai Ciki Ba A Nuna Ta

Wata biyu na yi ina ɓoye wa masu kyamara dabbobi. Da gangan na yi. Har asibitin ido aka kai ni a kan haka.

Ni maharbi ne, ubana ma maharbi ne. A wani ƙauye bayan Mahuta aka haife ni, inda gona ke ƙarewa daji ya fara. Na tsufa ina shiga dajin nan. Sai 'yan bindiga suka shige shi, ya zama nasu. Ran da suka zo ƙauyenmu sun kora shanu, sun bar mini harsashi a cinya. Kwana biyu na yi a cikin kwazazzabo kafin a same ni. Da na tashi, ni da matata muka kwashi abin da ya rage muka dawo Funtua. Zancen ke nan, ba na tsawaita shi.

A Funtua babu abin da maharbi zai yi. Sai in zauna a ƙofar gida ina kallon manyan motoci suna wucewa da masara.

Gidan na taubashina ne, ɗan ƙanwar ubana. Tsohon hedimasta ne da ya yi ritaya. Yana da tumbi, da gilashi mai kauri, da kwamfuta. Ni ɗan namiji ne, shi ɗan mace, saboda haka bawana ne tun ran da aka haife shi, ko da yake shi ya ba ni ɗakin da nake kwana. Shi kuma tun da na dawo gari ya sa mini suna maharbin ƙadangare.

Wata rana da hantsi ya ƙwala mini kira daga zaure.

"Maharbin ƙadangare! Zo ka ga akuya a dajin da babu mutane."

Na shiga na leƙa kwamfutar. Na ce, "Gada ce."

"Akuya ce."

"Bawa, 'ya'yan mutane nawa ka lalata da irin wannan karatu? Dubi ƙafar. Dubi yadda ta sunkuyar da kai. Akuyar wa ke tafiya haka?"

Ya goge gilashi ya ce, "To, 'yar uwar akuya ce."

Nan ya yi mini bayani. A can wata ƙasa mai nisa akwai kurmi, dajin da ruwa ba ya ɗaukewa. Wasu masu bincike sun ɗaɗɗaure kyamarori a jikin itatuwa. Duk abin da ya gifta, kyamara ta ɗauke shi da kanta. Hotuna sun yi musu yawa, sai suka zuba su a intanet, suka ce duk mai hali ya zauna a gidansa ya taya su dubawa. Ka kalli hoto, ka faɗi dabbar da ke ciki, su nawa ne, me suke yi, akwai ƙarami ko babu. In ba ka ga komai ba, akwai wurin da za ka danna, ka ce babu. A zauren tsofaffin malamai na waya ya samo abin. Aikin sa kai ne, ba a biya.

Na ce, "Dama ina aka taɓa biyan bawa?"

Ban yi boko ba, Turanci kuwa ko na gaisuwa ba ni da shi. Amma sun zana kowace dabba a gefe, sai ka taɓa wadda ta dace. Lambobi na sani. Kwana uku na iya.

Ban taɓa ganin daji irin wannan ba. Babu sama. Ganye kamar faifai, ƙasa baƙa, komai a jiƙe. Akwai wani jan alade mai tuntu a kunne, kamar wanda aka yi wa ado za a kai shi biki. Akwai giwa, amma ba ta kai wadda ubana ke ba mu labari ba. Akwai birai da ke zuwa su sa ido a kyamara su yi ta kallon kansu, irin na taubashina in zai je ɗaurin aure. Wasu dabbobin ban san su ba. Amma dabba dabba ce. Ƙishirwa ɗaya, tsoro ɗaya.

Shi taubashi dabba yake nema a hoto, shi ya sa ba ya gani. Maharbi ba ya neman dabba. Abin da bai dace da wurin ba yake nema. Ganye ɗaya ya kwanta sauran suna tsaye. Inuwa ta faɗi inda babu abin da zai yi ta. Hotunan uku-uku suke zuwa a jere, sai in duba abin da ya motsa tsakanin na farko da na uku. Sai ka ga tsinin kunne. Daga kunne ka san sauran.

"Babu komai a nan," in ji shi.

"Akwai beguwa."

"Ina?"

"Ga ƙaya biyu a bayan saiwa."

Ya kai hancinsa har jikin gilashin kwamfutar. Ya ce, "Kai, anya ba da aljanu kake aiki ba?"

Bakin taubashina kasuwa ne. Kafin mako ya zagayo, majalisar da ke ƙarƙashin bishiyar bedi a bakin layinmu ta ji cewa akwai tsoho a gidansa da ke gano abin da Turawa suka kasa. Mutanen da a da ke ce mini sannu da jiki suka koma ce mini barka da farauta. Ba zan yi ƙarya ba, na ji daɗi. Ƙafa ta tafi, daji ya tafi, bindigar ma na miƙa ta ga hukuma. Ido ne ya rage, kuma ga shi an san da shi.

Da ya ga na iya, sai ya riƙa bar mini kwamfutar a zaure bayan karin kumallo, shi ya tafi yawon gardamar siyasa.

A irin wannan zama na ci karo da ita. Gada ce a bakin wani ɗan rafi, ta sa baki a ruwa. Cikinta ya sauka, haihuwa ko yau ko gobe. A ƙasan hoton ga rana, ga lokacin da ta zo. Na kai yatsa zan taɓa, na tsaya.

A gidanmu akwai doka. Mai ciki da mai goyo ba a harbinsu. Wannan kowane maharbin kirki ya sani. Amma ubana ya ƙara da cewa ba a nuna su. In ka ga mai ciki, to ba ka gan ta ba. Ka dawo gari abokinka ya tambaye ka me ke bakin rafi, ka ce masa fayau. Ba don abokin mugu ne ba. Don abokin yana da aboki. Sau ɗaya na karya wannan doka ina saurayi, na faɗa wa wani a wurin shan fura. Ubana bai doke ni ba. Ya hana ni shiga daji damina guda, ya sa ni tsaron kaji.

Sannan ga wani abu. Mutanen da suka zo ƙauyenmu ba lalube suka yi ba. Sun san gidan da ke da shanu, sun san ko nawa ne, sun san lokacin da ake dawo da su daga kiwo. Wani ne ya zauna ya ƙirga ya faɗa musu. Wanda muke cin tuwo da shi ne. Infoma ake ce wa irinsu.

Na sake duban tambayoyin. Wace ce, su nawa ne, me take yi, akwai ƙarami. Ga lokacin zuwanta a rubuce. Na ce a raina, ashe aikin da aka ba ni ke nan. Na danna babu.

Daga ranar, duk mai ciki, duk mai goyo, babu. Maza kuwa da marasa ciki ina ba da su yadda suke, su ji da kansu. Wani lokaci in na danna sai wani jan rubutu ya fito. Ban san me yake cewa ba, sai in rufe shi. Ashe akwai hotunan da masanan suka riga suka san amsarsu, suna sako su don gwaji, jan rubutun kuwa cewa yake na tsallake dabba.

Asirina ya tonu ne ranar da taubashi ya dawo neman hularsa. Ya tsaya a bayana ban ji ba. A kwamfutar ga macen mazo, ta fi gada girma, tsaye kamar ƙofa, ɗanta yana shan nono. Shi kansa ya gane ba akuya ba ce. Na danna babu.

Ya ce, "Me ka danna?"

"Babu."

"Ba ka ga komai ba?"

"Ban gani ba."

Ya cire gilashi. Ya ɗaga yatsu a gabana. "Nawa ne nan?"

"Sauke hannunka, bawa."

"Inna lillahi," in ji shi a hankali. "Yanar ido ce."

Kafin la'asar majalisa ta ji. Idon maharbi ya mutu. Washegari zan tsallaka titi sai na ji wani ya kama mini hannu. Mai shayi ya riƙa yi mini magana da ƙarfi, shi a wurinsa makaho kurma ne. Matata ta kwashe turmi da tulu daga hanya, ta samo wani kwalli daga wajen wata 'yar garin Tsiga, mai zafi kamar barkono. In ta ajiye abinci sai ta ce, "Malam, tuwon yana hannun damanka, miyar tana hagu."

Na ce, "Ina gani."

Ta ce, "Haka ne, Malam. Allah ya ƙara haƙuri."

Barka da farauta ta ƙare. Aka koma sannu da jiki, har da ƙari.

Kalma ɗaya za ta wanke ni. Amma in na faɗa wa taubashi, na nuna ke nan. Na san shi, zai koma ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya danna, sannan ya je bakin bedi ya ba da labari da kwaikwayon muryata. Sai na yi shiru. Na ci tuwon da ke hannun damana.

Shi kuwa da gaske abin ya dame shi. Ya daina ce mini maharbin ƙadangare, ya koma ce mini Yaya. Wannan ya fi kwallin zafi. Ya ɗauke kwamfutar ya ce hasken ne ke ƙarasa mini ido. Wata Talata ya sa babbar riga, ya tare kurkura, keken haya mai ƙafa uku, ya ce in hau, asibitin ido za mu.

A hanya na yi shawara in ci gaba da makanta har a can. Sai na ji wani a layi yana cewa in yanar ido ce kankare ta ake yi. Na ce to, ido mai lafiya za a kankare.

Malamar asibitin ta zaunar da ni, ta rufe mini ido ɗaya. A bango akwai allo da wani zane mai yatsu uku kamar manjagara, manya a sama, suna ƙanƙancewa zuwa ƙasa. Ta ce, "Baba, ba sai ka iya karatu ba. Ka nuna mini da hannu inda yatsun suka duba."

Na yi niyyar in ɓata biyu ko uku. Hannuna ya ƙi. Na bi su har layin ƙarshe, wanda ya yi kamar ƙwayar gero. Ta canza ido, na sake.

Ta ce, "Baba, akwai abin da ke damunka a idon?"

Na ce, "Babu. Amma akwai tsaka a bayan agogonku, wutsiyarta ta guntule."

Ta je ta ɗaga agogon, ta yi tsalle ta koma baya. Da ta gama dariya ta ce, "Wa ya ce a kawo ka?"

Na nuna shi.

Ta ce, "Alhaji, zo ka zauna tunda ka zo." A layi na uku ya tsaya. Shi aka rubuta wa sabon gilashi.

Muka iso gida. Ya shiga zaure ya kunna kwamfutar. Ashe tana ajiye duk hoton da mutum ya duba. Ya jero waɗanda na ce babu, yana bin su ɗaya bayan ɗaya. Taubashina bai san daji ba, amma ba wawa ba ne. Mutumin da ya yi shekaru yana kama yara da satar amsa.

Ya ce, "Wannan da ɗa. Wannan da ɗa. Wannan cikinta kamar tulu." Ya juyo. "Maharbin ƙadangare, ƙarya kake yi musu."

"Ban gan su ba."

"Ka ga tsaka a bayan agogo!"

"Tsakar ba ta da ciki."

Ya zauna a kan tabarma. "Don Allah me ya sa? Ka bar ni ina ce maka Yaya mako uku."

Na faɗa masa dokar gidanmu. Ya ce ya sani, ubana kawunsa ne, shi ma ya sha jin ta. Ya ce amma waɗannan ba maharba ba ne, masu kare dabbobi ne.

Na ce, "Ka gan su?"

"A rubuce yake."

"Wanda ya ƙirga shanunmu, me kake tsammani aka ce masa? An ce masa za a zo a harbi maƙwabcinsa?"

Sannan ya ce akwai wurin da ake yi wa masu aikin tambaya, in faɗi abin da nake so ya rubuta.

Na ce, "Rubuta. Wa ke ganin amsar? Suna da bindiga? Me za su yi da mai ciki in sun san da ita?"

"Ba gaisuwa?"

"Sa gaisuwa ɗaya."

Bayan kwana huɗu amsa ta zo daga wata mata da ke cikin masu binciken. Taubashi ya fassara mini. Ta ce su ne ke gani, kuma ba su harbi. Ta ce akwai masu son sare itatuwan kurmin. In ana so a hana su, sai an nuna wa hukuma cewa dabbobi na haihuwa a wurin. Dajin da aka ce babu ƙanana a cikinsa, ana ɗaukarsa mataccen daji, a ba da shi a sare.

Magana ce mai kyau. Amma na sha jin magana mai kyau. Na ce ya sake rubutawa: ni tsohon maharbi ne, na ga gada mai ciki a bakin wani rafi, ta faɗa mini sunan rafin da garin da ke kusa, don in san irin ƙasar in ƙara taimaka musu.

"Me za ka yi da sunan? Da wannan ƙafar za ka je?"

"Rubuta kawai."

Amsar ta zo washegari, gajera. Ta gode, ta ce ba za ta faɗa ba. Ba su faɗa wa kowa inda kyamara take, ko mai taimakonsu ne, don ba su san wanda zai ji daga bakinsa ba.

Na sa ya maimaita mini. Na ce, "To. Wannan a gidan maharba ta tashi."

"Ka yarda ke nan?"

"Na yarda."

Sai ya fashe da dariya, ya ce akwai sauran bayani da ya ajiye mini. Kowane hoto mutane da yawa ke dubawa, a ƙasashe daban-daban, a ɗauki abin da suka fi haɗuwa a kai. Macen mazon nan da na ɓoye, kowa ya gan ta. An ƙirga ta tuntuni, ita da ɗanta.

"Wato kwallin nan a banza na sha shi?"

"A banza, ranka ya daɗe."

Amma ba duka ba. Akwai waɗanda ni kaɗai na gani, kunne a bayan ganye, ƙaramar ƙafa a ƙarƙashin cikin uwa. Sauran mutane sun ce babu don ba su gani ba, ni na ce babu don na gani. Waɗannan sun ɓoyu da gaske, kuma su matar ke buƙata. Ta tambaya ko zan iya nemo su.

Maharbi ba ya manta inda ya ga mai ciki. Mako guda muka yi a zaure. Ina nunawa da tsinken tsintsiya, shi yana rubuta bayani a ƙarƙashin kowane hoto da sabon gilashinsa. Wani sai na nuna sau uku kafin ya gani. Akwai damisa da 'ya'ya biyu a cikin kogon itace, idanu kawai suka fito. Da ya gano su sai da ya ja da baya daga kwamfutar. Hoton farko ya yi mini wuyar nunawa, ba zan ɓoye ba. Na ce wa ubana a raina, in laifi ne na ɗauka.

Sharaɗi ɗaya na sa wa taubashi. Bakin da ya kai labarin makanta shi zai je ya kwaso shi. Ranar Juma'a bayan an sauko ya tsaya a ƙarƙashin bedi ya ce idon ubangidansa lafiya lau, nasa ne ke da gyara. Na sa ya maimaita ubangidan, don na baya ba su ji ba. Majalisa ta rabu biyu. Wasu suka ce wauta na yi. Wani tsohon Bamaguje daga wajen Kafur, da ke kawo dawa kasuwa, ya ce da shi ne har yau ba zai nuna ba, ko matar ta zo da kanta ta durƙusa. Ban yi masa gardama ba. Mai shayi dai ya rage murya.

Yanzu ina nan Funtua. An ba ni aron 'yar gona a hanyar Bakori, na shuka waken suya. Da safe ina can. Bayan azahar ina zaure, inda matar ke turo mini hotunan da aka yi gardama a kansu aka kasa rabawa.